Waiwaye: Gurabe 15 da Jinya Ɗaya

Ba zan kama sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci, kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. A gida Mamana nake ce mata, a nan ma haka zan kira ta.

A Zariya aka haife ta a 1996. Tana goye muka shigo Amurka bayan na dace da bizar nan ta lotiri, muka sauka a Bronx cikin birnin Niyok, unguwar da in ka je Juma'a za ka ji Hausar Kumasi da ta Maraɗi da ta Kano a sahu ɗaya. Shekara shida ina tuƙin tasi kafin digirina na kemistiri ya samar mini aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Da gangan na ambaci digirin, domin ba shi na nema ba. Likitanci na so. Na yi makarantar share fage a Samaru, na zauna jarrabawar IJMB, makina bai kai ba, aka tura ni kemistiri. Ƙayar nan ta daɗe a ƙafata. Ranar da Mamana, tana sakandare, ta ce likita take son zama, sai na ji kamar ga wanzami ya zo cire mini ita.

Abin da na sani game da shiga likitanci shi ne wanda na baro a gida, kuma har yau bai sauya sosai ba. Yaro ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ya zauna jarrabawar JAMB a Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis, a auna shi a kan maki 400, jami'a ta sake tantance shi, in ya haye ya yi shekara shida. Lissafi ne zalla. Babu mai tambayarka ko ka taɓa miƙa wa marar lafiya kofin ruwa. Da wannan ma'auni na kafa dokar gidana: daga aji sai laburare, daga laburare sai gida. Tana shekarar farko a jami'a ta zo ta durƙusa ta ce akwai wani asibiti da ke ɗaukar ɗalibai aikin sa kai ran Asabar, awa huɗu kacal. Na ce, "Mamana, taura biyu ba ta taunuwa. Ki ci jarrabawa tukuna, asibiti ba inda zai je." Mahaifiyarta ta sa baki, ta ce, "Malam, ƙawayenta fa duk suna yi." Na rufe maganar da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ashe hangen nawa a Samaru ya tsaya.

A Amurka galibi ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai ka yi digiri na shekara huɗu, a kowane fanni ka ga dama, muddin ka haɗa da darussan kimiyyar da ake buƙata. Kuma sai ka zauna MCAT, jarrabawar da ke cin kusan awa bakwai da rabi, makinta daga 472 zuwa 528. Tun 2015 aka ƙara mata sashe guda kan halayyar ɗan Adam da zamantakewa, abin da ya kamata ya ankarar da ni inda aka dosa, amma ban ankara ba. Ta wannan gefen Mamana ba ta ba ni kunya ba. Makin digirinta ya kusa taɓa ƙololuwar 4.0, a MCAT kuma ta wuce matsakaicin waɗanda ake ɗauka. Ni a raina an gama.

Wani dare a watan Nuwamban 2016, muna kicin bayan sallar isha, ta juyo mini da kwamfutarta ba ta ce komai ba. Samfurin fom ɗin AMCAS ne, wanda yawancin makarantun likitanci na ƙasar suke karɓar nema ta kansa. Na wuce shafin maki ina murmushi, sai na ci karo da wani shafi mai gurabe 15. Kowane gurbi yana son a rubuta aikin da ɗalibi ya yi a wajen aji, ranar da ya fara, ranar da ya daina, jimillar awoyi, da sunan wanda za a tuntuɓa ya tabbatar, sannan bayani da bai wuce haruffa 700 ba. A cikinsu a zaɓi uku da suka fi taɓa rayuwar mutum, a ƙara wa kowanne haruffa 1,325. Na ce, "Nawa kike da su?" Ta ɗaga yatsu biyu: koyar da 'yan aji ɗaya kemistiri da ake biyan ta, da zama mamba a ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Ba ta ce ai kai ka hana ni ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Kuskuren da na tafka bayan nan ya fi na farko muni. Mu da muka yi WAEC an karantar da mu cewa kada ka bar tambaya ba amsa, ko ba ka sani ba rubuta wani abu. Da idon nan na kalli guraben. Goma sha uku babu komai, maki goma sha uku sun zube ke nan. Sai na shiga fafe gora ranar tafiya. Cikin wata shida na cusa ta a ƙungiyoyi huɗu, ta yi rabon abinci Asabar biyu, ta yi gudun tara kuɗin agaji sau ɗaya, ta wanke kwalabe a ɗakin binciken wani farfesa, ta bi wani likita kwana uku tana kallo. Kambun duka shi ne tafiya gida. Na kira wani tsohon abokin karatuna da ke da asibitin kansa a Kano, na saya mata tikiti, ta je ta yi mako biyu cikin hunturun Janairu. Aka sa mata farar riga, aka rataya mata abin sauraron ƙirji, aka yi hotuna. Har roƙonsa na yi a waya ya bar ta ta yi wa wani allura ko da guda ce, a samu abin rubutawa. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙi. Daga baya na gano cewa ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, tana da gargaɗi a rubuce ga ɗaliban da ke zuwa ƙasashen waje suna yi wa mutane aikin da ba a horar da su a kai ba, kuma irin wannan labari yana iya kashe wa mai nema kasuwa. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yadda na yarda cikin sauƙi a mayar da talakan Kano allon gwaji, abin da ba zan taɓa roƙa a yi wa Bature a Niyok ba.

A Yunin 2017 ta tura fom, gurabe 15 cif, zuwa makarantu kusan ashirin. Ɗaya ce tak ta kira ta ganawa. Ta dawo ta ba mu labari: wani dattijon likita ya ture takardar makinta gefe, ya ce ta ba shi labarin majinyaci guda ɗaya da har yanzu yake faɗo mata a rai. Ta laluba ko'ina ba ta samu ba. Ta kawo zancen wata mata da ta gani a Kano, ya tambaye ta me ya faru da matar bayan an sallame ta, ta ce ba ta sani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka sa ta a jerin 'yan jira, muka jira har bazara ta wuce, shiru. A shekarar sama da mutum 50,000 ne suka nema, waɗanda suka shiga 21,000 ne da 'yan kai. Cikin waɗanda aka bari a waje akwai dubbai masu maki irin nata.

Na ɗora laifin a kan hijabinta da sunanta. Ban ce babu wariya a Amurka ba, wanda ya yi tuƙin tasi shekara shida ba za a ba shi labari ba. Amma da na raka ta wurin matar da ke ba ɗalibai shawara a jami'arsu, bakina ya mutu. Matar ta buga fom ɗin a takarda, ta ɗauki jan biro, ta bi ranakun farawa tana zagayewa. Goma sha uku duk tsakanin Nuwamba da Mayu suka faɗo. Ta tara awoyin da Mamana ta yi kusa da marasa lafiya a nan ƙasar, ba su kai arba'in ba. Ta ce duk wanda ya karanta wannan zai ga yarinya mai cin jarrabawa, amma ba shi da hanyar sanin ko za ta iya zama da mai ciwo. Ta ƙara da wata magana da ta ce ɗalibai na yi a tsakaninsu, wai in kana son sanin ko aikinka na asibiti ne na gaske, tambayi hancinka: in ba ka jin warin majinyaci, ba ka matso ba tukuna.

A jirgin ƙasa muna komawa, Mamana ta ce, "Baba, don Allah wannan karon ka bar ni in tsara da kaina." Na kalli taga.

Tana gama digiri a 2018 ta watsar da ƙungiyoyin nan gaba ɗaya. Ta yi kwas na 'yan makonni ta samu shaidar mataimakiyar nas, wanda dokar tarayya ta ce horonsa kada ya gaza awa 75, ta kama aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ran Asabar tana tafinta a wani ƙaramin asibitin kyauta da 'yan Afirka ta Yamma ke zuwa. Koyar da kemistirin da ta saba ta ci gaba da shi. Shi ke nan, uku. Ba zan ɓoye ba, kunya ta kama ni. Yarinya mai digiri irin wannan tana wanke wa tsofaffi kashi da fitsari, tana canza zanen gado? In an tambaye ni a masallaci sai in ce tana aikin asibiti, in yi sauri in kawo zancen siyasar gida.

A gidan tsofaffin akwai wani dattijo ɗan Damagaram da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Ciwon ya tafi da ɗan Turancinsa da Faransancinsa, ya bar masa Hausa kaɗai, ita ma da ƙyar. Ya ƙi abinci, yana ture hannun masu yi masa wanka, har an rubuta a fayil ɗinsa cewa mai taurin kai ne. Ranar da aka tura Mamana ɗakinsa ta ga sunan da ke jikin ƙofa, ta yi sallama, ta ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Ta ce ya daɗe yana kallonta, sannan hawaye suka gangaro ta gefen da bai shanye ba. Cikin kwana biyu aka gane taurin kan. Naman da ake kawo masa bai san wanda ya yanka ba. Mata ne suke tuɓe shi. Kuma tun da aka kawo shi bai san ina ne gabas ba. Ta kai wa shugabar nas-nas maganar, aka sauya masa abinci, aka ba shi namiji mai wanka, ita kuma ta nemo alƙibla a wayarta ta manna 'yar takarda a bango, ta kawo masa dutsen taimama.

Da ta ba mu labari na ce wa mahaifiyarta gobe a dama masa kunun gyaɗa a kai masa. Mamana ta ce a'a. Mai irin wannan ciwo haɗiyarsa ba ta da tabbas, abu mai ruwa yana iya sauka huhu ya zama ajali, sai mai duba haɗiya ta gwada shi ta faɗi kaurin da zai iya sha. Aka yi mako guda kafin izini ya fito, kunun kuma sai da aka yi shi da kauri kamar fate. Na zauna ina tuna mutumin da ya roƙa a bar ta ta yi allura a Kano. Dattijon ya yi wata takwas ya cika. Ita ta kira limaminmu, aka karɓo gawar aka yi mata sutura, ni ma ina cikin sahun jana'iza.

A daren ne na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa a gidan ba. A 1989 na yi jinyar mahaifiyata, mai sunanta, sama da wata guda a wani asibitin gwamnati. Duk wanda ya yi jinya a gida ya san yadda take: tabarma a gindin gado, fita kemis tsakar dare neman ledar ƙarin ruwa, zubar da fo, juya marar lafiya kada bayanta ya yi gyambo. Na yi duka, uwa ce. Amma gaskiyar da na binne ita ce ban iya ba. Sau da yawa nakan fita bayan ɗaki in yi amai. Nishin gadon kusa yana hana ni barci, in wani ya cika a ɗakin sai in yini ban ci abinci ba. Ƙanwata ce mai hannun abin. Ita ke lallaɓa tsohuwa ta ci, ita ke lura cewa numfashinta ya sauya kafin nas ta lura, har majinyatan wasu take taimaka wa. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi likita, ni ma ban ce ba. Shekara talatin ina jin haushin IJMB, sai a daren nan na fara zargin ko alheri ta yi mini, ta yi wa marasa lafiya. Kiran "Dakta" nake so. Aikin kansa na ɗanɗana shi wata guda, na kuma san abin da cikina ya gaya mini, na dai ƙi saurara.

A Yunin 2019 ta sake nema. Makin shi ne na da, ba ta sake jarrabawa ba. Gurabe tara ta cike, ta bar shida fayau, hannuna yana ta ƙaiƙayi na daure. Tafiyar Kano ma ba ta sa ba. Makarantu biyar suka kira ta. A ɗaya daga ciki an yi mata irin ganawar nan da Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da ita a farkon shekarun 2000, inda ɗalibi ke bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne 'yan mintoci, a ba shi wata matsala a ga yadda zai yi da mutum. Ta ce kusan duk abin da aka jefo mata ta taɓa ganin ɗan'uwansa a bakin gadon wani tsoho. Biyu suka ɗauke ta. Ta fara a Agustan 2020, ana tsakiyar korona, tana da shekara 24. Ni ina lissafin ta yi asarar shekara biyu, ashe kusan shekarun yawancin 'yan ajinta ke nan, domin akasarin masu shiga sukan tsaya shekara ɗaya ko fiye bayan digiri.

Yanzu iyaye kan tare ni bayan Juma'a su ce me yaro zai fara yi. Nakan ce maki tukuna, a nan ban janye ba. Awoyin aiki ana iya tara su daga baya, makin da ya lalace a shekarar farko kuwa gyaransa sai an sha wuya. Inda na ɓata shi ne da na ɗauka awa huɗu a mako za su rusa karatu, alhali awa huɗun nan a shekara uku sun haura 500. Bayan maki, a sama wa yaro wuri ɗaya da zai taɓa marar lafiya da hannunsa, ya daɗe a wurin har a san shi da suna: gidan tsofaffi, motar ɗaukar marasa lafiya, ɗakin masu jiran ajali, ko rubuta wa likita bayanai yana duba mutane. Ko biyansa ake yi ya shiga lissafi, wannan kuwa rahama ce ga 'ya'yan masu tuƙin tasi. Bin likita ana kallo yana da amfani don a ga yadda yininsa ke tafiya, amma kwanaki kaɗan sun wadatar. Bincike sai ga mai sha'awarsa ko mai harin makarantun da suka ɗauke shi da zafi. Muƙaman ƙungiya, ma'aji da sakatare da sauransu, su ne na ƙarshe, sai fa in yaro ya yi wani abin a zo a gani da muƙamin.

Kada a ɗauka na zama ɗan kanzagin tsarin Amurka. Yana da nasa zaluncin. Ɗan likita waya ɗaya ubansa zai buga ya samu wanda zai bi, ɗan mai kuɗi zai yi shekara yana aikin kyauta ba ya tunanin haya, kuma akwai masu sayen labari mai daɗi kamar yadda na so in saya. JAMB, duk da larurorinta, ba ta tambayar waye ubanka a takardar amsa. Sai dai tambayar da dattijon likitan nan ya yi wa Mamana tambaya ce ta gaskiya, kuma a gida ba mai yin ta. Yaro ɗan shekara 17 zai shiga, ya yi shekarar kimiyya, ya yi biyu yana fama da gawa da littafi, sai a aji huɗu zai tsaya gaban mai rai da ke nishi. In a lokacin ya gane ba zai iya ba, wa zai tunkara? Dangi sun riga sun fara kiransa Dakta tun ranar da sunansa ya fito.

Abin da ya sa nake ganin ba mu da uzuri shi ne, abin da ɗalibin Amurka ke cike fom yana jiran izini kafin ya samu, mu a gida yana nan a ƙofar kowa. Babu dangin da ba a kwantar musu da wani a shekara. Amma da an ce jinya sai a tura inna ko wata bazawara, a ce wane yana karatun JAMB kada a dame shi. Ina roƙon iyaye, a Kano kuke ko a Bronx, in ɗanku ko 'yarku ta ce likita, a jinya ta gaba ku ba shi tabarma ya kwana uku a gindin gadon. Da ya dawo ku tambaye shi abin da ya gani, ku kuma bar shi ya faɗi gaskiya.

Na gwada a kan ƙaninta. Shi ma ya tashi yana cewa likita, don ya ga ana yi wa yayarsa kirari. Hutun bazara na farko a jami'a ta sama masa gurbin sa kai a gidan tsofaffin da ta yi aiki. Ya yi wata biyu bai yi fashi ba, ya zo ya same ni ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ba zan iya ba." Na ce Allah ya yi maka albarka. Yana karatun injiniyan lantarki yanzu. Mamana ta gama a 2024, tana horon ƙwarewa a fannin cututtukan manya, ta ce in ta kammala ɓangaren tsofaffi za ta bi.